Nauyin da Matafiyi Ya Sauke, Wa Ke Ɗaukarsa?

A Amurka akwai mutanen da ke ajiye aikinsu na wata biyar ko shida su shiga daji da ƙafa, makwancinsu da tukunyarsu da suturarsu duk a goye a baya. Wasu kan bi Appalachian Trail, hanyar da ta tashi daga jihar Jojiya ta ƙare a Maine, mai tsawon kusan kilomita 3,500. Wasu kuma Pacific Crest Trail suke bi, daga iyakar Meziko har iyakar Kanada, fiye da kilomita 4,200. A cikinsu akwai rukunin da suka mai da rage kaya tamkar aƙida. Ƙa'idarsu ita ce, in an cire abinci da ruwa da makamashin girki, sauran kayan kada su wuce kilo 4.5. Kowane abu sai an ɗora shi a sikeli an rubuta giram nawa ne, har ƙotar buroshin goge baki sukan datse. In suka buɗe baki kuwa, sai ka ji maganar 'yanci da wadatar zuci, kamar kana zaune gaban masu gudun duniya. To, shin rage kaya a karan kansa nagarta ne? Ra'ayina shi ne nauyin da matafiyi ya sauke ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sauyawa, kuma ba a iya yaba wa mai ƙaramar jaka sai an san inda nauyin nasa ya koma.

Dubi kayan nan uku da suka fi komai nauyi, wato tanti da abin rufa da ita kanta jakar. Mai neman sauƙi yakan bar tanti mai bango biyu ya ɗauki tamfol guda, ya kafa shi da sandunan da yake dogarawa. Ya rage kilo ɗaya ko fiye, amma yanzu wajibi ne ya san ta ina iska ke kaɗawa, ya gane kwarin da ruwa zai taru in an yi ruwan sama cikin dare, ya kuma haƙura da sauro in bai haɗa da raga ba. Jakar barci mai zif ma yakan musanya ta da bargon gashin agwagwa marar bayan kwanciya, bisa hujjar cewa gashin da jiki ya danne ba ya riƙe ɗumi. Hujjar gaskiya ce, sai dai duk juyin da ya yi iska na iya shigowa ta gefe, don haka sai ya koyi ɗaure bargon a jikin shimfiɗarsa. Jaka marar ƙarfe a ciki ba ta da nauyi, amma da zarar kayan sun doshi kilo goma, misali in an ɗebi ruwan kwana biyu, kowace lita kilo guda, sai kafaɗu su amsa. A kowane mataki, abin da ya bar jaka ya koma ɗayan wuri huɗu: ilimin mutum, ko juriyar jikinsa, ko aljihunsa, ko wuyan wasu.

Wurare biyun farko su ne halal ɗin wannan sana'a, kuma da su ta fara. A 1955 Emma Gatewood, wata tsohuwa daga Ohio mai shekara 67, uwar 'ya'ya goma sha ɗaya, ta taka Appalachian Trail ita kaɗai daga farko har ƙarshe. Takalmin kambas ne a ƙafarta, da buhun da ta ɗinka da hannunta a kafaɗa, da bargon soja, da labulen banɗaki na leda da take fakewa a ƙarƙashinsa in ruwa ya sauko. Abin da ya cike gurbin kayan da ba ta ɗauka ba shi ne rayuwar gona da ta saba da ita da sanin ganyaye da 'ya'yan itatuwan da ake ci. Ray Jardine, injiniya kuma mai hawan duwatsu wanda littafinsa na 1992 kan Pacific Crest Trail ya yaɗa wannan salo, shi da matarsa suke ɗinka yawancin kayansu, kuma bai jefar da wani abu ba sai da ya gwada rashinsa a tafiya mai nisa. Wanda ya rage kaya ta wannan hanya shi ya biya kuɗin sauƙinsa, da karatun sama da ƙasa da kuma kwanan sanyi. Babu mai bin sa bashi.

Wuri na uku shi ne aljihu, kuma a nan ne mai suka yake da bakin magana. Zai ce wane irin gudun duniya ne wannan, alhali tantin da aka yi da yadin Dyneema, wanda asalinsa don filafilan jiragen ruwan tsere aka ƙera shi, yakan ci ɗaruruwan daloli, tukunya kuma sai ta ƙarfen titaniyam? Wannan suka tana kan hanya, amma rabin gaskiya ta kama. Sayen abu mai tsada don gwiwa ta huta ba laifi ba ne, musamman ga mai shekaru ko mai ciwon baya. Inda matsalar take shi ne a kira ciniki da sunan zuhudu. Malaman tarbiyya, irin su Imam Gazali, sun daɗe da bayyana cewa a zuciya ake auna gudun duniya, domin akwai fakirin da duniya ta cika masa ciki, akwai mawadacin da ba ta dame shi ba. Mutumin da ke kwana yana lissafin giram, yana sauya jaka duk shekara don ta bana ta fi ta bara sauƙi, yana baza jerin kayansa don a yaba, kayansa sun mallake shi ko da duka ba su kai kilo uku ba. Jakarsa ce ta rame, son abin duniya yana nan da ƙibarsa.

Wuri na huɗu shi ne mafi haɗari, domin mai yinsa ba ya jin nauyinsa ko kaɗan. Wanda ya bar rigar ruwa ko taswira ko maganin gaggawa a gida, yana cewa ai ba za a rasa wani a hanya ba, ya ɗora kayansa ne a bayan mutanen da bai shawarta ba. Jiƙa da iska kan iya kashe mutum da sanyi ko da ruwa bai daskare ba, kuma in ya maƙale a kan dutse, masu ceto, waɗanda a wurare da yawa 'yan sa-kai ne, su za su bar iyalinsu cikin dare su fita nemansa. Andrew Skurka, ɗaya daga cikin fitattun matafiyan wannan zamani, ya yi rubutu yana gargaɗi kan irin wannan ragi da ya zarce hankali. Musulunci ya riga ya yanke hukunci a kan kwatankwacinsa. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan zo aikin Hajji ba guzuri, suna kiran kansu masu tawakkali, in sun iso Makka sai su koma roƙon jama'a. A kan haka ne umarnin yin guzuri ya sauka a aya ta 197 ta Suratul Baƙara. Ko Diyojin, masanin falsafar Girka da aka ce ya jefar da kofinsa da ya ga yaro yana shan ruwa da tafin hannu, da bara yake ci a Atina. Birnin ne ke ɗauke da abin da ya ƙi ɗauka. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Wani zai ce, in haka ne ai gara a cika jaka maƙil, a huta da fargaba. Wannan ma bai fita ba, domin yawan kaya yana da nasa harajin. Mai kilo ashirin da biyar a baya ya sayi daɗin sa'o'in zango da wahalar sa'o'in tafiya, kuma a doguwar hanya sa'o'in tafiya ne ke cinye yinin. Gwiwa da idon sawu suna shan matsi, gajiya tana kawo tuntuɓe, jinkiri yana sa hadari ya riske shi a tsakiyar tudu. A Neels Gap, kimanin kilomita 50 daga mafarin Appalachian Trail ta kudu, akwai shagon da ya yi suna wajen zazzage wa sababbin matafiya jakunkunansu, su aika da abin da ya yi yawa gida ta gidan waya. Mafi yawan abin da ke fita a wurin kayan ko-da-wani-abu ne: wuƙa ta biyu, riga ta huɗu, fitila kan fitila. Tsoro ne aka naɗe aka cusa a jaka. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan mai raƙumi ya haɗa ɗaure raƙumin da dogaro ga Allah a wuri guda. Wanda ya ƙi ɗaurewa ya saɓa masa, haka ma wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙara igiya a kan igiya har tafiyar ta gagara.

Suka mafi ƙarfi ita ce a ce babu matafiyin da ya taɓa wadatuwa da kansa. Ita kanta Gatewood ta sha ƙwanƙwasa ƙofar mutane, suna ba ta abinci da makwanci, kuma a yunƙurinta na farko a 1954 ɓata ta yi a dajin Maine har ma'aikatan gandun daji suka shiga nemanta. Alhazanmu na da, da suka ratsa Chadi da Sudan da ƙafa zuwa gaɓar Bahar Maliya, ba su ɗauki guzurin shekaru a ka ba. Haka ne, kuma karɓar alheri ba abin kunya ba ne. Amma akwai tazara tsakanin wanda ya yi iya shirinsa sannan ƙaddara ta kai shi ƙofar wani, da wanda tun daga gida ya sa taimakon mutane cikin lissafinsa don jakarsa ta yi kyan gani a sikeli. Da yawa daga cikin alhazan nan sukan yada zango su yi noma ko ƙwadago, a Gezira ta Sudan da wasu wuraren, su tara na gaba kafin su ɗaga. Kyauta takan zo musu a kan ƙoƙari, shi ya sa ba ta zama zalunci ga mai bayarwa ba.

Saboda haka sikeli ba ya iya raba gardamar nan, domin giram kawai ya sani. Kafin mutum ya cire abu daga jakarsa, tambayar da ta kamace shi ita ce wa zai ji a jikinsa in an buƙaci abin ba a samu ba. In amsar ita ce shi kansa, ta hanyar kwana a shimfiɗa mai tauri ko cin abinci mai sanyi, to zaɓinsa ne, kuma sau da yawa zai gane cewa abin da yake ɗauka larura sabo ne kawai. In amsar ita ce abokin tafiya ko mai ceto ko iyalin da ke jiransa a gida, to abin nan haƙƙin wasu ne, kuma dole ya koma cikin jaka komai nauyinsa.