Kafin Ka Damƙa wa Magini Kuɗinka

Ɗana, idan Allah ya hore maka abin da za ka ɗora bulo a kan bulo, kafin ka tambayi magini nawa zai karɓa, fara tambayarsa yadda zai yi da ƙasar da kuke tsaye a kanta. Daga Hasahisa zuwa Wad Madani, daga Sinnar zuwa Mai Wurno har Sinja, ƙasa ɗaya muke takawa: baƙar laka mai nauyi, wadda dominta aka gina madatsar Sinnar, aka kammala ta a 1925, aka shimfiɗa gonakin audugar Jazira. Manomi yana sa mata albarka, mai gini kuwa yana shan wuyarta. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, ta ɗaga duk abin da aka aza mata. Da rani ta bushe ta tsuke, ta dare har ka zura hannunka cikin tsagar. Gidan da ke kanta hawa yake yana sauka kowace shekara, kuma kusurwoyinsa ba tare suke motsi ba. Shi ya sa kake ganin tsaga ta taso daga gefen taga ta nufi sama a karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa a watan Agusta, daɓe ya yi tozo a tsakiyar ɗaki.

To, maginin da ka kawo masa wannan zance ya ce maka "Alhaji, bar wannan, Allah ne mai tsarewa," ka yi masa godiya ka sallame shi. Allah ne mai tsarewa, babu shakka, amma shi ba don ya yi maka wa'azi ka kira shi ba. Gwani zai tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza, ya tambaye ka ina ruwa yake bi idan an yi mamako, ina za a haƙa masai, ina famfo zai tsaya. Zai gaya maka zurfin da zai kai harsashi da dalilinsa: ko dai a haƙa a wuce inda laka ke motsi, a kafa ginshiƙan kankare da rodi a ɗaure su da ɗamara, ko kuwa, idan aljihu bai kai ba, a kwashe baƙar ƙasar a cike da yashi da tsakuwa a daddaɓe. Zai hana ka dasa darbejiya a jikin bango, don saiwarta na tsotse danshin gefe ɗaya ta bar ɗayan. Kuɗin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa ba mai ganinsa ranar walima, don haka nan ne maha'inci ya fi yin yanka.

Kada ka yarda a kai ka kallon sabon gini. Sabon fenti ba ya ba da shaida. Ka ce ya nuna maka gidan da ya gina tun kafin ambaliyar 2020, shekarar da ruwa ya rushe ko ya lalata gidaje sama da 100,000 a faɗin Sudan, jihar Sinnar tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ka je ba tare da shi ba, bayan la'asar, ka yi sallama da maigidan. Ka zaga bayan ɗaki, inda baƙo ba ya zuwa. Duba gindin bango: gishiri ya fito fari-fari yana cin bulo? Akwai inda aka liƙe tsaga da sabon siminti, launinsa ya bambanta da na kewaye? Ka kuma sa maiɗakinka ta shiga wurin uwargidan, domin maigida yakan rufa wa magini asiri don kara, amma wadda ke tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo cikin dare ba za ta ɓoye ba.

Kayan aiki kuma ka sa musu ido da kanka. Jan bulon da ake gasawa a kaminonin bakin Shuɗin Nilu ba duka ne ya gasu ba. Ɗauki biyu ka gwara su. Wanda ya ji wuta ƙara yake yi ƙal, wanda bai ji ba sai ka ji dum, ya bar maka gari a tafin hannu. Yashi ka damƙa ka saki. In ya dunƙule ya ɓata maka hannu, akwai laka a ciki. Siminti, na Atbara ne ko na Rabak, ka danna buhun, in ka ji ƙulalai ya sha danshi. In an zuba kankare kuma, ka tabbata ana shayar da shi ruwa safe da yamma har mako guda, ko da a amalanken jaki za a jawo ruwan. In jalus za ka yi, wato ginin laka, babu abin kunya a ciki, a irinsa aka haifi yawancinmu. Sai dai a ɗaga masa gindi da jan bulo, a yi masa indararo mai tsawo, a sabunta yaɓe kafin kowace damina.

Ina nanata wannan ne saboda zamanin da muke ciki. Tun da Wad Madani ta faɗi a yaƙi a Disamban 2023, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, mutane suka watse. Da aka koma a farkon 2025, da yawa sun tarar babu ƙofa, babu taga, an kwance kwanon rufi. Kowa yana neman magini a lokaci ɗaya, gwanaye da dama kuma ba su dawo ba. Sai ga wanda jiya yake kwaɓa siminti yau ya sayi igiya da ma'auni, ana kiransa usta. Ba na ganin laifinsa, neman abinci yake. Amma kada ya koyi sana'a a kan ɗakin da 'ya'yanka za su kwana.

Saura abu mafi wuya, wato kunya. Mu da kakanninmu suka sauka nan bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar hajji ta ajiye daga baya, zumunci ne ya riƙe mu, da gayya aka tashi ɗakunan farko. Don haka in ɗan baffanka magini ne, nauyi zai hana ka wuce shi. In gwani ne, ba shi, shi ya fi cancanta. In ba gwani ba ne, yi masa alheri ta wata hanya. Kuma ko ɗan uwa ko bare, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba wanda zai ce ka raina shi don ka fito da takarda. Ku zauna gaban liman ko dattijai biyu, a rubuta ɗaki nawa, faɗi da tsawo, kaurin rodi, buhu nawa, wa zai sayi kaya, yaushe za a gama.

Biya kuma daki-daki: kafin alƙalami kaɗan, sai in harsashi ya fito, sai in gini ya kai taga, sai in an rufa. Da yadda fam ɗin Sudan ke zubewa, farashin da kuka yi yau ba zai kai wata biyu ba, don haka gara ka sayi siminti da rodi da hannunka, shi ka biya shi ladan aikinsa. In ta manhajar Bankak ka tura, ajiye shaidar. Kason ƙarshe kuwa ku yi sharaɗi tun farko cewa zai zauna a hannunka har ruwan Agusta ya sauka a kan rufin. Wanda ya san aikinsa zai ɗan yi ƙorafi, sannan ya sa hannu.