Wa ake yi wa dariya a wasan ƙauye?

Tun da talabijin ya shigo ƙasar Hausa, ba a samu ɗan wasan da ya kai baƙauye farin jini ba. A sa masa tsohuwar hula da riga mai faci, a ɗora masa tabarma a kafaɗa, a sauke shi a tashar mota, sai ƴan kallo su fara ƙyalƙyala dariya tun bai buɗe baki ba. Galibin masu dariyar kuwa ƙauyawa ne ko ƴaƴan ƙauyawa, domin a Nijar fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'a a karkara suke zaune. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su tambayi kansu: wannan dariya halal ce, ko cin mutunci ne da muka saba da shi har muka daina jin ɗacinsa?

Tambayar ta girmi talabijin. A shekarar 1668 Molière ya nuna wasansa George Dandin a fadar Sarki Luwi na 14 na Faransa. Labarin wani manomi ne mai dukiya da ya auri ɗiyar masu sarauta, matar tana cin amanarsa, amma kullum shi ake tilasta wa neman gafara, fadawa suna ta dariya. A 1758 Rousseau ya soki wannan wasa, yana ganin an mai da wanda aka zalunta abin ba'a, an tafa wa mai zaluncin. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan koleji yana ɓoye karin harshen garinsu a Damagaram don kada a ce masa baƙauye, ya san sukar Rousseau tana da tushe.

To, ko maganin shi ne a daina dariyar, a riƙa nuna ƙauye da girmamawa kawai? An gwada haka a Najeriya. A shekarar 1980 gidan talabijin na NTA ya fara nuna Cock Crow at Dawn, wato carar zakara da asuba, wanda Peter Igho ya tsara, aka ɗauke shi a yankin Jos, bankin UBA ya ɗauki nauyinsa. Lokacin kuɗin man fetur ya kwashe matasa zuwa birane, gwamnatin Shehu Shagari kuma tana kiran jama'a su koma gona. Labarin Bello ne, wanda George Menta ya fito a matsayinsa, mutumin da ya bar birni da iyalinsa ya koma ƙauye domin ya yi noman zamani. Ene Oloja ta fito a matsayin matarsa Zemaye, Sadiq Daba ya zama matashi Bitrus, Kasimu Yero na Zariya kuma ya zama Kawu Gaga, ɗan uwan da ya hana Bello sakat.

Wasan ya yi kyau, ya kuma ɗaukaka sana'ar noma. Sai dai idan aka lura, haske daga birni yake zuwa a cikinsa, wanda ya zauna a ƙauye bai je ko'ina ba kuwa shi ne ƙarfen ƙafa. Da Turanci kuma aka yi shi, harshen da mafi yawan masu riƙe da fartanya ba su ji. An yi magana a kan manomi da ladabi, amma ba a ba shi bakin magana ba. Abin lura kuma, da Kasimu Yero ya rasu a 2017, da sunan Gaga jaridu da yawa suka tuna da shi, domin wannan tsoho mai taurin kai ya fi kowa kama da mutum mai rai. Ashe a hana mutum dariya ba shi ne a girmama shi ba.

Ma'aunin da muke nema yana cikin al'adarmu. Wasan taubasai, irin na Barebari da Fulani ko na Buzaye da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, ba ya rasa zafi. Ana faɗa wa juna maganar da, in baƙo ya faɗe ta, sai an je gaban alƙali. Abin da ya halatta shi ɗaya ne: akwai ramuwa. Wanda aka tsokana yana nan zaune, yana da haƙƙin mayar da martani, gobe kuma shi zai fara. Inda aka toshe ramuwa, wasa ya ƙare, raini ya fara. Shi ya sa ake cewa wanzami ba ya son jarfa, kuma ɗan wasan da bai yarda a yi masa ba, bai cancanci ya yi wa wani ba.

Manyan wasanninmu na Hausa sun kiyaye wannan ƙa'ida. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin ya shahara da Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna. Da Hausar bariki ya riƙa tsokanar sojoji a zamanin da mulki yake hannunsu, su kuma suna dariya domin nasu ne. Haka ƴan wasan ORTN na Damagaram, su Yazi Dogo, waɗanda Télé-Sahel ta riƙa nunawa a shekarun 1980. Ba rubutaccen wasa suke haddacewa ba, sukan shirya ƙashin labari ne su cika shi da bakinsu, kamar yadda Janet Beik ta bayyana a littafinta na 1987. Saboda haka maganar kasuwa da ta zaure take fitowa yadda take, kuma bulalar dariya ba ta tsallake attajiri ko ma'aikaci ta sauka a kan talaka shi kaɗai.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai a Damargu, ƙasar da geronta ya daɗe yana ciyar da Abzin, amma matasanta suke ficewa zuwa Kano da Libiya. Talauci da fari ne ke korarsu da farko, gaskiya ne, sai dai kunya ma tana da nata rabo. Yaron da ya girma yana ganin irin mahaifinsa a matsayin wawa, da wuya ya yi sha'awar gadon gonarsa.

Don haka, ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyi, idan yara suka kawo muku wasan ƙarshen shekara da baƙauye a ciki, kada ku cire shi, kada kuma ku hana a yi masa dariya. Ku bar shi ya ruɗe a gaban fitilar hanya, amma ku kai ɗan birni Falanko ko Belbeji, a ba shi guga a bakin rijiya mai zurfi, a ce ya bambanta shukar gero da ciyawa. Sa'an nan ku tambayi yaran: da mahaifinku yana zaune a sahun gaba, zai yi dariya tare da mu, ko zai sunkuyar da kai? In zai yi dariya, a buga ganga a fara wasa. In zai sunkuyar da kai, a sake zama a gyara.