Idan Baƙo Ya Ji Rauni A Gidanmu, Alhakin Wane Ne?

 

Ya 'yan'uwa matasa, akwai kalmar da muke saurin furtawa a zongo duk sanda wani ya ji rauni a gidan wani, ita ce ƙaddara. Yaro ya zo kallon biki ya faɗa rijiyar da ba ta da murfi, a ce ƙaddara. Tsohuwa ta zo gaisuwar mutuwa, ruɓaɓɓen katakon da aka gitta a kan gota ya karye da ita, a ce ƙaddara. Mai gida ya kai lemu asibiti, a yi addu'a a watse, kuɗin magani kuwa ya rage a wuyan 'ya'yanta. Imani da ƙaddara wajibi ne, ba mu jayayya da shi. Abin da muke tambaya shi ne, shin ƙaddara tana sauke wa mai gida nauyin sakacinsa?

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da amsa wannan, a babin da suke kira lamuni, wato biyan abin da mutum ya jawo ɓacinsa. Akwai hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim da ya nuna cewa wanda ya halaka a rijiya ba a bin kowa diyyarsa. Mai gida zai so ya tsaya nan ya rufe littafi. To amma Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya raba maganar gida biyu: wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a inda aka halatta masa, babu biya a kansa, wanda kuwa ya yi haka a kan hanyar Musulmi, inda bai halatta ba, shi ke lamunce abin da ya faru. Idan raunin bai kai kashi ɗaya cikin uku na diyya ba, daga aljihunsa zai biya. Idan ya kai, sai danginsa na wajen uba su ɗauka. Cikakkiyar diyya kuwa raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya.

Mas'alar da ta fi shafarmu ita ce ta katangar da ta karkace. A Muhtasar na Shehu Halilu, idan katanga ta karkace, aka gargaɗi mai ita, ya sami lokacin da zai gyara ko ya rushe amma ya ƙi, ta faɗa wa wani, to ya biya. Ku lura da abin da aka rataya hukuncin a kansa: ya sani, kuma yana da iko. Malaman nan sun fi mu sanin cewa katanga ba ta faɗuwa sai da izinin Allah, duk da haka suka ce a biya. Ai Sayyidina Umar da ya ji labarin annoba a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, kuma bai ga hakan ya saɓa wa ƙaddara ba.

Dokar kotu ma, da muke yi wa kallon abin Nasara, kusan nan ta sauka, sai dai ta biyo doguwar hanya. Gana ta gaji dokar alƙalan Ingila tun zamanin mulkin mallaka, kuma tsarin mulkin 1992 ya lissafa ta cikin dokokin ƙasa. Wannan doka ta kasa masu shiga wurin mutum kashi uku: wanda ya zo don hulɗar da mai wurin ke amfana da ita, kamar mai saye a kanti; wanda aka bari ya shiga kawai, kamar mai ziyara; sai wanda ya shiga ba izini. Na farko dole a yi ƙoƙarin kare shi daga haɗarin da mai wuri ya sani ko ya kamata ya sani. Asalin wannan shari'a ce ta 1866, ta wani mai gyaran bututun gas da ya faɗa ramin da ba a katange ba a masana'antar sukari. Na biyu dole a gargaɗe shi kan ɓoyayyen haɗarin da aka sani.

Na ukun ne aka daɗe ana yi wa rowar tausayi. A 1929 kotun ƙoli ta Birtaniya ta hana wani uba diyyar ɗansa mai shekara 4, wanda injin wata mahaƙar kwal ya kashe, wai don yaron ya shiga ba izini. Sai a 1972 kotun ta sake ra'ayi, a shari'ar yaro mai shekara 6 da ya bi ta ɓarakar shinge ya taka layin dogo mai lantarki ya ƙone. Ma'aikatan jirgin sun san yara na bi ta wurin, ba su gyara ba, aka ce su biya. Hukuncin Ingila na yanzu ba ya ɗaure alƙalin Gana, amma yana duba shi. Mu dai muna ganin yaron zongo bai san wata iyaka ba, kowane tsakar gida filin wasansa ne, kuma duk mai gida ya san da haka.

Kada a ɗauka muna cewa kowane tuntuɓe a kan mai gida yake. Wanda aka ce masa kada ya hau matakalar nan ta ruɓe, ya yi kunnen ƙashi ya hau, yana da rabonsa na laifi, kuma dokar Gana ta 1963 ta ba alƙali ikon rage diyya gwargwadon sakacin wanda ya ji raunin. Haka nan kotu ba sunan da ke takardar fili kaɗai take dubawa ba, tana duba wanda wurin ke hannunsa. Ɗan haya shi ke da alhakin abin da ke cikin ɗakinsa ko shagonsa. Tsakar gida da rijiya da masai da kowa ke amfani da su kuwa galibi suna komawa ga mai gida. Wanda ya tuna benen da ya rufta a Achimota ranar 7 ga Nuwamba 2012, mutum 14 suka mutu, zai tuna cewa masu kantin da ke ciki haya suke yi, hukumomi kuma suka ce an yi ginin ba izini.

A nan ne ciwonmu yake, wato gidan gado. Daga Nima har Sabon Zongo, har Aboabo a Kumasi, za ka ga gida mai ɗaki 20, magada sun fi ɗakunan yawa, wani yana Legas, wani yana Jamus, wani yana Jidda. Ranar karɓar kuɗin haya kowa magaji ne. Ranar da murfin masai ya tsage kuwa, sai ka ji an ce a jira babban yaya ya yi waya. Wayar lantarki tana reto a ƙofar wanka tun damina biyu, kowa yana sunkuyawa ya wuce, baƙo ne kawai bai san a nan ake sunkuyawa ba. A ganinmu wanda ya ci haya ya ɗauki gyara, ko yana gida ko yana Turai, kuma yawan magada ba ya mayar da alhaki na babu kowa. Abin da yake yi shi ne ya raba shi a kan kowannensu.

Saura maganar yafiya, wadda muke alfahari da ita, kuma da gaskiyarmu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta miƙa diyyar kisan kuskure ga iyalan mamaci, sai fa idan su ne suka bar ta sadaka. Ashe yafiya kyauta ce a hannun wanda aka cuta. Amma yadda muke yi, tun jini bai bushe ba dattawa sun cika zaure, ana cewa maƙwabtaka ta fi kuɗi, wanda ya buɗe baki ya nemi kuɗin asibiti a ce ba ya da tawakkali. Matar da mijinta ya gurgunce, ga 'ya'ya biyar, ta ce ta yafe alhali kunya ce ta toshe mata baki, wannan ba sadaka ta yi ba, ƙwace aka yi mata da carbi a hannu. Idan cikin magadan mamaci akwai marayu ƙanana, abin ya ƙara nauyi, domin dukiyar maraya ba abin da babba zai yi kyauta da shi ba ne don a yabe shi.

Ba muna tura kowa kotu ba ne. Sulhu a gaban liman ko sarkin zongo ya fi sauri, ya fi araha, ya fi rufin asiri, in dai za a fara da faɗa wa wanda ya ji rauni haƙƙinsa kafin a roƙe shi ya sassauta. A kuma sanar da shi cewa ƙarar rauni a Gana tana da wa'adi, shekara 3 ne a dokar 1972, kada a yi ta ja masa rai da gobe da jibi har lokaci ya ƙure.

Sharaɗin gargaɗi da Shehu Halilu ya ambata kuwa aiki ne da matasa za su iya ɗauka. Idan mun ga katanga ta karkace ko rijiya a buɗe, mutum biyu ko uku su je wurin mai gida, su gaishe shi da ladabi, su ce, "Baba, mun ga abu kaza, muna tsoron kada ya faɗa wa wani, ga mu in ana bukatar hannu." Idan magada suna waje, a rubuta musu, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi wurin liman.