Ɗana, Kafin Ka Yarda da Tambari, Ka Tambayi Mai Shaida

Ɗana, zo ka zauna, ina da magana da kai a kan abin da idonka ke gani kullum amma hankalinka bai cika tsayawa a kansa ba. Kwanan baya na shiga wani kanti sayen sabulu. Yaron kantin ya miƙo mini guda biyu, ya ce wannan ya fi tsada domin ba ya cutar da jiki, ba ya ɓata muhalli. Na juya kwalin gaba da baya. Kore ne shar, an zana ganye da ɗigon raɓa a kansa, an rubuta da Turanci wai da tsirrai zalla aka haɗa shi. Na duba ko zan ga sunan wanda ya bincika ya tabbatar da haka, ban gani ba. Na ce wa yaron, "Wa ya shaida?" Ya ce, "Baba, ai ga shi nan a rubuce." Na ce, "Yaro, ai mai sabulun ne ya rubuta."

Iyayenmu ba su yi boko ba, amma sun san wannan sarai. In mutum zai sayi saniya a kara, ba ya tsayawa ga yabon mai ita. Akwai dillali, akwai shaidu, akwai wanda ya san inda dabbar ta fito, wanda in magana ta taso gobe shi za a nema. Tambarin da ake bugawa a jikin kaya domin a nuna an kiyaye ƙasa da ruwa da haƙƙin manomi, asalinsa ke nan: mutum na uku, wanda ba shi ke sayarwa ba kuma ba shi ke saye ba, ya je ya gani da idonsa, ya sa sunansa.

Jamus ce ta fara wannan tsari a 1978 da tambarinta na shuɗin mala'ika. A 1988 aka fara buga tambarin cinikin adalci a Holan, a kan kofin da ƙananan manoman Meziko suka noma, shi ne tushen abin da ake kira Fairtrade a yau. Tarayyar Turai ta fito da nata mai siffar fure a 1992. A 1993 aka kafa FSC, wadda za ka ga ɗan itacenta a jikin kwalin madara ko takarda, alamar ba a sare itacen a daji da ka ba. Koren kwaɗon nan na jikin wasu kwalayen shayi na Rainforest Alliance ne. Kowane ɗayansu yana da rubutattun ƙa'idoji, da masu zuwa dubawa, da ikon ƙwace shaida daga wanda ya saɓa.

Ba na ce maka duk inda aka ga hatimi an tsira daga ha'inci ba. A 2015 asirin kamfanin Volkswagen ya tonu a Amurka: ya sa wa motocinsa na dizal wata dabara mai rage hayaƙi a lokacin gwaji kawai, motoci kimanin miliyan 11 a duniya, alhali yana tallarsu da sunan masu tsabta. To amma ka lura, masu aunawa ne suka kama shi, domin akwai ma'aunin da aka ajiye. Ramin ƙarya ƙurarre ne a inda ake bin sawu. Shi ya sa a 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta hana ɗan kasuwa ya rubuta wa kayansa "mai kare muhalli" haka kawai ba tare da hujja ba.

Saboda haka in kai ne mai saye, ka riƙe tambayoyi uku. Wa ya ba da shaidar? Me aka shaida, kayan da ke ciki ko kwalin kawai? Ina lambar da za a bi a tabbatar? Tambarin FSC na gaskiya yana tafe da lambar lasisi. Koren tambarin Turai mai ganyen taurari, na abincin da aka noma ba takin zamani ba maganin feshi, dole a ga lambar hukumar da ta duba a jikin kwalin. Kibau ukun nan masu bin juna a gindin roba kuwa, ba su ce za a sake sarrafa robar a garinku ba. In ka jefar da ita, kwata za ta toshe kamar yadda ledar ruwa ke yi da damina. Lambar NAFDAC wajibi ce ka duba ta a kan abinci da magani da sabulu, amma rajistar lafiyar kaya ce, ba ta yi maka alkawarin komai game da gona ko daji ba. Kowace shaida da iyakarta.

Yanzu bari in juyo gare ka a matsayin mai noma da mai sayarwa, domin a nan ne maganar ta fi ci mini rai. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani sito lokacin kaka. An zube wake a kan tamfal, wani matashi ya huda murfin kwalba, yana yayyafa fiya-fiya da hannunsa ba safa, wani yana juyawa da shebur, suna ɗurawa a buhu. Warin ya sa idona hawaye. Na ce, "Wannan fa abinci ne." Suka ce in ba haka ba ƙwari za su mai da shi gari kafin bazara. Ba mugunta ce ta sa su ba, tsoron asara ne. Amma waken nan cikin wani zai shiga, wataƙila ma ɗan mai siton ne zai ci shi a ƙosai.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan guba. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an kuwa sami waken da ya kai 4.6. A 2016 suka ƙara wa'adin da shekara uku. Manomin da bai taɓa yayyafa komai ba, shi ma ƙofar ta rufe a kansa. Wake ɗaya ke ɓata gari, ka ga karin maganar ta faɗa kan waken da kansa. Ga shi kuwa akwai mafita a hannunmu: buhun PICS mai ciki uku, leda biyu da buhu a waje, wanda in ka busar da wake sosai ka ɗaure kowane ciki tam, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba.

Riɗin da ake tarawa a Maigatari, da zoɓon da ake lodi a Dawanau, da man kaɗen da iyayenmu mata ke tuƙawa a Neja da Kebbi har zuwa Tamale a Gana, duniya tana son su. Mai saye daga nesa ba zai iya zuwa gonarka ba, don haka yake neman shaida. Hanyar samunta ba gajera ba ce. In kana son shaidar noma marar sinadari ta Turai, sai gonar hatsi ta shekara biyu ba takin zamani ba feshin guba kafin a yarda da shukarta. Duk shekara mai dubawa zai zo. Zai nemi littafin da kake rubuta ranar shuka da irin da ka shuka da abin da ka zuba. Zai zagaya bayan rumbu ya ga ko akwai kwalaben magani, ya duba iyakarka da maƙwabcin da ke feshi, wani lokaci ya ɗebi samfur ya kai ɗakin gwaji. Don haka ka sayi littafi da biro tun yau, ko ba ka fara neman shaida ba. Mai rubutu shi ke da hujja.

Kuɗin wannan bincike ya fi ƙarfin mai kadada ɗaya ko biyu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu ku yi ƙungiya, a duba ku a dunƙule, ku ma ku riƙa duba juna. Manoman koko na Gana sun kafa ƙungiyar Kuapa Kokoo a 1993, suka sami shaidar Fairtrade, har suka kai ga mallakar hannun jari a kamfanin cakulan a Ingila. Sai dai ina jan kunnenka da abu biyu. Ka fara samun mai saye, ka ji wace shaida yake so, kafin ka kashe kuɗinka, domin takarda ba ta sayen kaya da kanta. Kuma duk wanda ya ce zai kawo maka satifiket har gida ba tare da ƙafarsa ta taka gonarka ba, ka guje shi, cinikin biri a sama yake yi da kai.

In kuwa sana'arka ƙarama ce, kana haɗa sabulu ko man shafawa ko garin kunu, ba laifi ba ne ka rasa babban tambari. Laifin shi ne ka ari wanda ba naka ba. Ka rubuta abin da ke ciki, da ranar da aka yi shi, da inda za a same ka. In ka sa turare na kanti, ka faɗa. Addininmu ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye mudu, har sura guda aka sa wa sunan masu yin haka, kuma wanda ya zana ganye a kan abin da ya san ba haka yake ba, ya tauye wa mai saye mudu ne da tawada.

Ɗana, ƙasar da muke nomawa gado muka same ta, gado kuma za mu bar ta. Kada ka sayar wa ɗan wani abin da ba za ka zuba wa ɗanka a kwano ba, kada kuma ka ba da kuɗinka a kan maganar da ba ta da mai tsaya mata. Tsira da mutunci ya fi tsira da kaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa wa nemanka halal.