Baƙuwa Mai Reno: 'Yar Gida Ce Ko 'Yar Ƙwadago?

Akwai wata al'ada da ta daɗe a ƙasashen Turai, wadda Faransawa suka raɗa wa suna au pair, watau daidai wa daida. Yadda abin yake shi ne, budurwa takan baro ƙasarsu ta sauka a gidan waɗansu mutane a wata ƙasa, ta yi shekara ɗaya ko biyu tana taya su renon ƙananan yara, su kuma su ba ta ɗaki da abinci da ɗan kuɗin kashewa, sa'an nan ta sami damar koyon harshensu. Samari ma sukan shiga, amma 'yan mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Sunan kansa alkawari ne, cewa ita ba baranya ba ce, matsayinta ɗaya da na 'ya'yan gidan.

A cikin shekarar 1969 Majalisar Ƙasashen Turai ta tsara yarjejeniya a kan wannan al'amari a birnin Strasbourg. An ƙayyade shekarun baƙuwar daga 17 zuwa 30, aikinta kada ya wuce awa 5 a yini, a ba ta hutun yini guda cur kowane mako, kuma kada a hana ta zuwa wurin ibadarta. Amma yarjejeniyar ta ɗauke ta a kan ita ba ɗaliba ba ce, ba kuma ma'aikaciya ba, wani matsayi ne tsakanin biyun. To, a cikin wannan tsakani ne matsalar take kwance.

Mai karatu ya ɗauki misalin wani gida a Jamus, inda ƙa'ida ta ce awa 30 a mako, da Yuro 280 a wata. Miji da mata duka suna fita aiki, suna da yara biyu, ɗaya ɗan shekara 5, ɗaya bai cika 2 ba. Suka karɓi yarinya 'yar shekara 20 daga wata ƙasa mai nisa. Watan farko kowa yana ɗari-ɗari. Uwar gida ba ta saba da ganin wata mace a kicin ɗinta ba, maigida ya daina zama a falo yadda ya ga dama, kuma kullum da safe sukan fita gabansu yana faɗuwa, domin sun bar abin da suka fi so a duniya a hannun wadda ba su san asalinta ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Kafin wata uku hankali ya kwanta. Yara sun shaƙu da ita, ƙaramin ma idan ya faɗi sunanta yake fara kira, har uwar takan ji wani ɗan kishi ya soke ta, ta haɗiye.

Daga nan sai lissafi ya fara sulalewa, ba kuwa da mugun nufi ba. Yau taro ya tsare uwar gida a ofis, ta dawo bayan awa biyu. Gobe yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare, ya nufi ɗakin baƙuwa, ta goye shi har asuba. Ran Asabar an yi baƙi, ta shiga wanke-wanke domin kunya ba ta barinta ta zauna. Babu wanda ya rubuta ko ɗaya, don ai 'yar gida ba a ƙirga mata awa. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta ce aikin ya wuce abin da aka yi da ita, sai ran uwar gida ya ɓaci ƙwarai. Ta tuna tafiyar hutu da suka yi tare, da rigar sanyi da ta saya mata, da bikin ranar haihuwarta, ta ga kamar an saka mata alheri da butulci.

Wa ke da gaskiya a tsakaninsu? Ƙaunar uwar gida ba ƙarya ba ce. Amma kalmar 'yar gida tana aiki ne ta fuska ɗaya kawai. In batun ɗawainiya ne, ita 'ya ce, ba ta da lokacin tashi daga aiki. In batun haƙƙi ne, ita baƙuwa ce: ba ta da gādo, ba a shawara da ita a kan makarantar yaran, kuma in an sami saɓani za a iya sallamarta cikin mako biyu, ta rasa aiki da wurin kwana a rana guda, a ƙasar da izinin zamanta ya rataya a kan wannan matsayi nata. 'Yar cikin gida tana iya cewa ta gaji, ta rufe ƙofa, gobe kuma tana nan a matsayinta. Wadda in ta ce a'a za ta iya rasa makwanci, i ɗinta ba a auna shi da ma'auni ɗaya da na 'ya.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan ƙulli a babin ijara. Sharaɗi ne aikin ya zama sananne, lada ma ya zama sananne, domin jahilci a kan ɗayansu shi ne ƙofar husuma da cin haƙƙi. Kyauta kuwa babinta dabam, ba ta zama madadin lada, wanda ya bayar da ita kuma ba ya komowa ya ci ta bashi. Har ila yau, reno ba tare da shayarwa ba ba ya ƙulla muharramaka, saboda haka a wurin shari'a yarinyar nan ba 'yar maigida ba ce ko da an kira ta haka sau dubu, kuma ladubban zama tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba suna nan daram. Kiran ta 'ya kyautatawa ce, mai nauyi a wuyan wanda ya furta, ba a wuyan wadda aka kira ba.

Tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa lada da zumunci ba sa korar juna. Matan Banu Sa'ad sun zo Makka ne neman jarirai domin a biya su, Halimatu ma haka. 'Yarta Shaima'u tana yarinya ta riƙa ɗaukarsa tana renonsa. Bayan shekaru fiye da hamsin, a shekara ta 8 bayan Hijira, aka kawo ta cikin kamammun yaƙin Hunaini, da ya gane ta sai ya shimfiɗa mata mayafinsa, ya yi mata kyauta, ya mayar da ita ga mutanenta kamar yadda ta zaɓa. Ladan shayarwa an gama da shi tun tuni, girmamawar kuwa ta zo a bisa kansa, ba a maimakonsa ba.

Inda aka bar kalmar ta maye gurbin lada, an ga abin da ya biyo baya. Amurka ta buɗe irin wannan shiri a 1986, ta yarda da aiki har awa 45 a mako, kuma daga 2009 mafi ƙarancin abin da ake ba baƙuwar ya tsaya a Dala 195.75 a mako, bayan an cire kashi 40 cikin ɗari na ɗaki da abinci. A 2019 kamfanoni 15 masu kawo 'yan matan suka amince su biya Dala miliyan 65.5 domin sasanta ƙarar da aka shigar a kansu game da tauye lada, ko da yake ba su amsa laifi ba. Norway kuwa ta rufe shirin gaba ɗaya a watan Maris na 2024, bayan ta ga musayar al'adu ta koma hanyar samun 'yan aiki masu araha, galibi daga Filifin. Mai karatu da ya taɓa jin an ce da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye ai kamar 'yarmu take, alhali ita ce ta farkon tashi, ta ƙarshen kwanciya, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A gidan nan na Jamus, uwar gida ta kwana biyu ba ta sake fuska ba. A rana ta uku ta ɗauko kalanda ta zauna da mijinta suka bi makonni ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da wuya a sami makon da bai haura awa 30 ba, dare huɗu na jinya ma ba su shiga lissafin ba. Suka rama mata da ranakun hutu, suka manna jadawali a ƙofar firiji. Zaman ya ɗan yi sanyi na mako guda, daga baya ya fi na da daɗi, domin yanzu in ta zauna hira da yara bayan lokacinta, kowa ya san don ranta ya so ne. Da shekara ta cika suka raka ta filin jirgin sama. Ƙaramin yaron ya yi wata guda yana tura ƙofar ɗakinta da safe yana leƙawa.