Hukuncin Daina Wankin Ƙoda da Allurar Gaggauta Mutuwa

Tambaya: Daga Jajimaji nake. Ƙodar mahaifina ta daina aiki, muna ta jigilarsa wankin ƙoda har gona da shanu sun ƙare. Yanzu ya ce a ƙyale shi haka nan. In mun daina, mu muka kashe shi? Kuma ya halatta a yi masa allurar da za ta hutar da shi gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a Turai? Wani abokin aikina ɗan Katolika ya ce su ma an hana su.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka muku da alheri. Ciwon nan ya daɗe yana cin gidaje daga Gashuwa da Jakusko har Karasuwa da Nguru.

Allurar kashewa haramun ce, ko da shi ya roƙa da bakinsa, domin ran ba nasa ba ne balle ya bayar da izini. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mai rauni da zafi ya ishe shi, ya yanke hannunsa jini ya zuba har ya mutu, Allah Ya haramta masa Aljanna. Likitan da ya yi allurar ya yi kisa, a shari'a da dokar Nijeriya duka. Holan da Beljiyam sun halatta abin a 2002, Kanada a 2016, kafin 2021 ta ƙare har ta buɗe ƙofar ga waɗanda ajali bai kusanto su ba. Wannan ya isa ya tsoratar da mai hankali.

Abokinka gaskiya ya faɗa. Fafaroma John Paul na Biyu ya haramta irin wannan kisa a wasiƙarsa ta 1995, fadar Vatican ta sake nanatawa a 2020, kuma su ma sun bambance kashe majiyyaci da barin maganin da wahalarsa ta fi amfaninsa. Ba daga can muke ɗauko hukunci ba, amma a nan mun dace.

Daina wanki kuwa sai an duba. Malamanmu na Malikiyya sun ɗauki neman magani halas ne, ba su tilasta shi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce yana zama wajibi idan barinsa zai halaka mutum. Ra'ayina shi ne: muddin wankin yana tayar da Baba, ya ci abinci, ya yi sallarsa, kuma akwai hanyar samunsa, kada a daina. In kuwa likitoci amintattu sun tabbatar jiki ya gaza, wankin wahala kawai yake ƙara masa, ko hali ya ƙare bayan kun yi iyakar ƙoƙari, ba laifi a kanku. Cuta ce ta yi ajalinsa, ba ku ba.

Sai dai, ɗan'uwa, ka zauna da shi ku biyu, ka gano dalilin maganarsa. Dattijai da yawa ba gajiya ke sa su ce a ƙyale su ba, tausayin 'ya'ya ne, suna ganin dukiya tana tafiya saboda su. In haka ne, ba ku da hujjar dainawa tukuna. Ku nemi wankin da gwamnatin Yobe ke yi kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu, ku sanar da dangi da limamin unguwa. Zakka ta halatta gare ku idan kun kai wannan matsayi, kuma babu abin kunya a ciki.

In an daina, ba a hana shi abinci da abin sha ko jinya. Maganin kashe zafi mai ƙarfi ya halatta da awon likita, matuƙar sauƙi ake nufi ba mutuwa ba. Shawarar kuma tasa ce muddin yana cikin hayyacinsa, kada wani magaji ya yanke masa.

Allah ne Mafi sani.