Shin Kyautatawa Na Iya Tsayar da Wuƙa?



Duk wanda ya taso a garin Bauchi ya san sunan 'yan sara-suka. Kano tana da 'yan daba, Gombe tana da 'yan kalare, suna ne kawai ya bambanta. Samari ne masu jini a jika, da adda da wuƙa a ƙugu, waɗanda wasu 'yan siyasa kan ɗauka lokacin zaɓe, su watsar idan an gama. Mun kuma ga inda fushin samari kan kai idan aka hura shi: a tarzomar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, an kashe masu yi wa ƙasa hidima su 10 a Jihar Bauchi, baƙi ne da suka zo aiki. Mu da muke neman abinci a garin wasu, mun fi kowa sanin ciwon wannan.

To, tambayarmu ta yau ita ce: idan muka ce wa yaranmu su tunkari cin zali da kyautatawa, ba mu tura su ga halaka ba kuwa? Wani zai ce, "Malam, ai mugu ba ya jin lallashi. Ka yi masa murmushi, gobe ya dawo ya ƙwace wayarka." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, in dai abin da ake nufi da kyautatawa shi ne sunkuyar da kai. Amma wannan tsoro ne, kuma mai cin zali yana gane tsoro tun daga nesa.

Tarihi ya nuna mana irin kyautatawar da ake nufi. Kafin aiko Manzon Allah (SAW), wani ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo haja Makka. Wani babba, Al-Asi ɗan Wa'il, ya karɓi kayan ya hana kuɗi, don ya san baƙo ba shi da gata. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Wannan shi ne Hilful Fudul. Manzon Allah yana saurayi ya halarta, kuma bayan Musulunci ya ci gaba da yabonsa. Ku lura fa: ba su ƙona gidan Al-Asi ba. Sun je gaba ɗaya, suka karɓo wa baƙon haƙƙinsa, magana ta ƙare.

A nan darasin yake. Cin zali ba ya rayuwa sai da 'yan kallo. Babban yaro da ke ƙwace kuɗin tara na ƙanana a makaranta, ko wanda ke zabga wa almajiri mari a bakin kasuwar Muda Lawal, ƙarfinsa daga shirun na kusa yake. Yau ma abin ya ƙaru, sai ka ga an zaro waya ana ɗaukar bidiyo. Idan samari uku suka zo suka tsaya kusa da wanda ake duka, suka ce "Ya isa haka," ba zagi, ba sanda, sau da yawa wasan ya tashi ke nan. Wannan kyautatawa ce, kuma tana buƙatar zuciya fiye da riƙe adda.

Sai rabi na biyu, wanda ya fi wuya: shi kansa mai zaluncin. Addini ya koya mana cewa hana azzalumi zalunci taimakonsa ne. Yaron da ya shiga sara-suka ba da wuƙa aka haife shi ba. Galibi makaranta ta suɓuce, sana'a babu, sai ƙwaya da abokai masu kiransa "oga". Idan ya ajiye makami ya dawo, unguwa ta rufe masa ƙofa, kowa na nuna shi da baki, ina kuke so ya koma? Wannan ba ya soke hukunci. Wanda ya sari mutum, kotu ce wurinsa. Amma taron da ke rufar wanda ake zargi da duka har ya mutu, su ma sara-suka suka yi, sunan ne kawai ba su amsa ba.

Ina namu rabon, mu da ke nesa da gida? Alhaji, kuɗin da kake turawa Bauchi, ware wani abu ka sa ɗan ƙaninka koyon walda ko ɗinki kafin titi ya ɗauke shi. In kana da shago, ɗauki yaro ɗaya da kowa ya guda. Hajiya, idan ɗanki ya dawo da kuka, kada ki ce "je ka rama". Tambaye shi wa ya tsaya masa, sannan ki tambaye shi, shi wa ya taɓa tsaya wa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Bauchi da inda muke lafiya. Barkanmu da Juma'a.